Kalmar da Kaka Ba Ta Sani Ba

Duk sanda ƙanshin gahawa da citta ya buge ni, kakata nake gani zaune a gadonta na igiya, a gidanmu na Umdurman, tana jira mu shigo daga titi da sabuwar magana.

Ita kam ba ta yi boko ba, amma ka kawo mata kowace kalma, za ta gaya maka lokacin da ta shigo gidanmu. Wannan da ita iyayenta suka taso daga Kano a hanyar hajji. Waccan a gonakin Jazira aka tsince ta, shekarar da tsutsa ta cinye auduga. Mu jikoki rabin bakinmu Larabci ne, kullum sai ta tare mu: "A bakin wa ka ji? Tun yaushe ake faɗinta?" Mu yi ta yi mata dariya. Takan ce mutane ba sa raɗa suna a banza. In ka ji sabon suna, to abin ya riga ya iso unguwa.

Wata bazara mai zafin tsiya na dawo daga kasuwa, inda kawuna ke ɗinki, ina rera wata kalma da na ji masu shayi na faɗi ƙasa-ƙasa: kasha. Daɗin faɗi kawai ta yi mini. Kaka ta sauke kasko, gahawar ko soyuwa ba ta gama ba.

"Ban san wannan ba," in ji ta.

Ban taɓa ganin kalmar da ta gagare ta ba, sai tsoro ya kama ni. Da kawu ya dawo, ta roƙe shi ya ɗan ƙaurace wa shago. A Jazira aka haife shi, amma bai taɓa neman takardar ɗan ƙasa ba, yana ganin kowa ya san shi. Ya yi dariya.

"Inna, salla ta matso, kayan mutane na hannuna."

Kafin salla muka san ma'anarta. Kasha ita ce manyan motoci su tare bakin kasuwa, a kwashe duk marar takarda, a fitar da shi daga birni. Da ta rutsa da kawu, keken ɗinkinsa aka kawo mana, da rabin jallabiya a ƙarƙashin allura. Har Kaka ta rasu, kunnenta na bakin ƙofa.

Yanzu kalmomi ta waya suke shigowa, babu mai tambayar asalinsu. Da yaƙi ya ɓarke, na rantse ba inda za mu je. Sai wata safiya 'yata ta shigo daga maƙwabta da sabuwar kalma: shafshafa.

"A bakin wa kika ji?"

"Baba, kowa faɗi yake. Ban ma san me take nufi ba."

Ban tsaya nema ba, na ce wa uwarta ta ɗaure kaya. Sai a hanya muka ji ma'anarta: a shiga gidan mutum a kwashe komai, har ƙyauren ƙofa. Keken kawu ya yi mana nauyi, na lulluɓe shi da zanen Kaka na bar shi a ɗaki.