Turaren Mailafiya a Akwatin Gilashi

Mailafiya mazaunin unguwar Tandabawi ne, a ƙasa mai tsarki. Ta Sudan ya zo hajji, bai koma ba. Ba shi da igama, takardar zama, shi ya sa ko kakin ɗan sanda ya hango sai ya sauya lungu. Shara yake yi a ɗakin kimiyya na wata sakandare, ƙarƙashin Ustaz Abdulganiyyu, Basudane, wanda ya yi masa alkawari: in mufattishi, mai duba makarantu, ya yaba da aikin ɗakin, za a ɗauke shi ma'aikaci sosai, igama ta fito.

Aikin kuwa wani akwatin gilashi ne. A ɗora shi kan busasshiyar ƙanƙara da ake kawowa daga Jidda, a jiƙa ƙyalle da sibirto, wato sifirit, a samansa, a rufe, a haska fitila. Ustaz ya ce akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke zubowa daga sama suna ratsa kowa, ido ba ya kama su, sai sawunsu: farin zare siriri da kan bayyana a akwatin ya ɓace.

Da fari Mailafiya ba ya ganin komai, na'am kawai yake cewa don kada a sallame shi. Ƙanƙarar ta sale masa yatsu, har matarsa Hure ta ce ba ta taɓa jin wanda sanyi ya ƙona ba sai mijinta. Sannu a hankali ya koyi ɗaukarta da tsumma, ya koyi karkata fitila, idonsa ya fara kama zaren.

Ranar zuwan mufattishi ɗakin ya gauraye da warin sibirto. Babban baƙo kuwa ba a tarbarsa da wari. Mailafiya ya aro kaskon turaren Hure, ya turare ɗakin lungu-lungu, har cikin akwatin, sannan ya rufe shi.

Da aka haska fitila sai ga hazo fari kamar kunu, babu zare ko ɗaya. Ustaz ya shaƙi iska, ya juyo ya dubi Mailafiya. Mufattishi ya fara duban ƙofa, sai aka kira la'asar.

"Ya Hajji, kada ka buɗe, kada ka taɓa," in ji Ustaz ƙasa-ƙasa. "Hayaƙin zai kwanta da kansa, in zai kwanta."

A gefen akwatin Mailafiya ya yi sallarsa, ƙanƙara tana ƙarewa, shi kuma yana tuna jirgin da ake mayar da marasa takarda. Da suka dawo daga masallaci hazon ya yi sauƙi. Mufattishi ya sunkuya, ya daɗe. Can ya ɗaga yatsa: zare ya gifta. Wani kuma ya biyo.

Bayan hajjin shekarar igama ta fito. Kaskon Hure dai bai sake shiga makarantar ba.