Kwana Ukun da Baba Bai Yi Tambaya Ba

Filin nan na kudu da tashar jiragen ruwa ta Jidda, inda yanzu ake jibge kwantena, ya taɓa zama sansanin soja. Lokacin yaƙin Kuwait ne. Aka kewaye shi da waya, aka kafa tantuna, sojojin ƙasashe su sauka su huta kafin a kwashe su zuwa bakin daga. Ni kuwa tankar ruwa nake tuƙawa, kullum sai na kai musu.

Ran nan ina janye tiyo sai na ji wani soja yana zagin takalminsa da Hausa. Kai! Har na jiƙe kaina. Ashe 'yan Nijar ne, shi kuma ɗan ƙauyen mahaifina ne, can bayan Damagaram.

Baba ya baro ƙauyen yana saurayi, ya zo hajji a ƙafa, bai koma ba. Ƙanwa ɗaya ya bari, ko tana raye bai sani ba. Tun rasuwar innarmu ba shi da abokin hira a unguwarmu ta Karantina, mu 'ya'yansa rabin maganarmu Larabci ce.

Na kai Baba sansanin. Aka kira sojan bakin ƙofa, Baba ya miƙa masa tuwo da miyar kuka. Suka yi ta gaisuwa, ya gajiya, ya hanya, ya zafi. Shi ke nan, ya juyo.

A mota na ce, "Haba Baba, ba ka tambaye shi Gwaggo ba!"

Ya harare ni. "Kai haihuwar Jidda ne, me ka sani? Ba a tsare baƙo da tambaya sai ya ci abincinka kwana uku."

Na ce wannan ba zangon alhazai ba ne, soja ba ya zama. Ya ce su ma da suka zo hajji cewa suka yi wata guda za su yi. Ya kuma hana ni tambaya, wai tambayar tasa ce. Wallahi raina ya ɓaci, amma na bi shi rana ta biyu da ta uku.

Rana ta huɗu ya sa rigarsa ta Juma'a. Muka tarar an naɗe tantunan, sai ramukan turaku da mai gadi.

"Halas, an gama, sun tafi tun asuba," in ji mai gadin.

Baba ya daɗe a tsaye, ya riƙe wayar shingen da hannu biyu. Da muka kusa gida sai ya juyo gare ni.

"Da ta rasu ai da ya yi mini ta'aziyya, ko?"

Na ce, "Haka ne, Baba." Ban tuna masa cewa ko sunansa bai gaya wa sojan ba.