Gyaɗar da ta Kwana a Siton Hashimu

'Yan kasuwar Batsari Darakta suke kiran Hashimu, rabi girmamawa rabi tsokana. Tsohon malamin gona ne, mutum mai tsoron doka kamar yadda wasu ke tsoron maciji. Da ya yi ritaya, shi da abokansa biyu suka kafa ɗan kamfanin sayar da irin gyaɗa.

Da 'yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, ciniki ya mutu, kotu ta rushe kamfanin. Abokan suka tattara nasu ya nasu suka koma Katsina, suka bar shi da makullin sito. Lauya ya ja masa kunne cewa daga ranar ba shi da ikon sayarwa ko kyauta. Nasa kawai ya tsare kaya har wakilin kotu ya zo.

Gyaɗar kuwa tun kaka aka ɓare ta saboda masu saye na birni. Ko jahilin manomi ya san iri a ɓawonsa ake ajiye shi, ɓararriya ba ta jure zafin bazara ƙarƙashin kwano. Hashimu ya fi kowa sani, kuma abin na cin ransa.

Ana cikin zafin nan yayansa Lado ya zo daga ƙauyen Karare. An ƙone masa rumbu, ko ƙwayar shuka ba ta tsira ba, ga iyali cike da gida.

"Hashimu, ɗebo mani tun irin na da rai, in kai shi inuwa."

"Yaya, ba ni da iko. Ɗaure ni za a yi."

"Makulli na aljihunka ka ce ba ka da iko?"

Hashimu ya sunkuyar da kai. Lado ya saɓa sandarsa ya tafi, ko ruwa bai sha ba.

Wakilin kotu bai leƙo ba sai da damina ta kankama. Ya duba buhunan, ya yaba wa Hashimu da riƙon amana, ya ba da izinin fitarwa. A ranar Hashimu ya ɗaura buhu a babur ya kai Karare, suka shuka tare da Lado.

Gonakin maƙwabta suka yi kore, ta Lado shiru. Hashimu ya je ya durƙusa a kan kunyar gonar, ya tona da yatsa. Ƙwayar ta ruɓe. Ya matsa gaba ya sake tonawa, ya sake, har ƙarshen gona.

Lado na tsaye a kansa. "Tashi, Darakta," ya ce. "Lokacin shuka ya wuce."