Kunnen Ummanmu Ya Dawo

"Kai, wannan kunne a manne yake! Ina zan sa allura?" in ji mai hujin kunne yau a gidanmu na unguwar Alsawra, tana juya kan jaririyar Yaya Sakina.

Habboba, mahaifiyar marigayiya Ummanmu, ta leƙa kunnen.

Mu huɗu 'ya'yan Umma duk kunnen Baba muka ɗauko, mai reto. Na sha neman Umma a madubi ban same ta ba, har ina tsoron babu abin da ta bari a jikina.

"Kunnen 'yata ne," Habboba ta ce. "Ina ya shiga duk shekarun nan?"

Ni da ba na iya magana cikin mutane, sai na ji bakina yana cewa, "Ustazarmu ta makaranta ta ce a gado wani kamanni yana rinjayar wani. Wanda aka rinjaya ba ya mutuwa, ɓuya yake yi."

"Ashe ke ma kina ɗauke da ita, ya bitti, yarinyata," ta ce, ta ja kunnena tana dariya da hawaye.

Wallahi ko littafin soyayya bai taɓa sa ni kuka irin na yau ba. Ku fa, kamannin wa ya ɓuya a gidanku ya sake fitowa?