Kawu Namadi da Yaron da Ba Ya Sallama

Kawu Namadi, autan su innarmu, gyaran rediyo da tele yake yi a wata rumfa kusa da tasha a Birnin Konni. A Dogarawa aka haife shi. Lakwal, wato makarantar boko, kaɗan ya yi ya bari, don tun yana ƙarami rediyo ba ya kwana lafiya a gidan da yake, sai ya kwance shi ya ga cikinsa.

A ranin 1996 wani direba ya kawo masa akwatin wasa daga Sakkwato, irin wanda ake jonawa da tele, da kaset guda. Wasan na wani yaro ne mai takobi, yana yawo gari-gari, yana magana da mutane, yana faɗa da dodanni a daji. Maganar duk da rubutun Japan take fitowa, ba mai iya karantawa. Sai aka raba aiki. Abokinsa Halilu, ɗan kabu-kabu mai saurin yatsu, shi ke dannawa, Namadi kuma yana sa wa mutanen tele magana a baki. Da la'asar rumfar ba ta ɗaukar jama'a.

A ranin nan mahaifiyarsa, Inna Barira, ta zo daga Dogarawa ta zauna wurinsa kafin damina. Ita a ganinta sana'ar autanta wasa ce, ba ta taɓa zama a rumfar ba. Ran nan ta kawo masa fura, ta dosana a benci. Daidai lokacin yaron tele ya faɗa wani gida, ya wuce matar gidan, ya buɗe tukunya ya kwashe abin da ke ciki.

"Auta, wanga yaro ɗan gidan na?"

"A'a Inna, baƙo na."

"Shi shiga ba sallama, shi buɗe tukunyar mutane, matar gida na tsaye?"

Halilu ya ce, "Haka wasan yake, Inna. Abin da ka samu naka na."

"Gidanku haka kuke, Halilu?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Namadi ya so ya gyara, ya ce ai matar gwaggon yaron ce.

"Yanzu-yanzu ka ce baƙo na," in ji ta. "Labarin marar kunya ba ni jin shi."

Ta miƙe. Namadi ya ga in ta fita ba za ta sake zama ba, shi kuwa ba abin da yake so kamar ta ji labarin nan daga bakinsa har ƙarshe. Nan take ya kafa doka. Halilu zai tsayar da yaron a bakin ƙofa, Namadi ya yi sallama, ya amsa wa kansa da muryar tsohuwa, sannan a shiga. Tukunya kuwa ko taɓawa babu.

Inna ta koma ta zauna, amma yaron ya shiga uku. Ashe maganin rauni da makamai duk a tukwanen nan aka ɓoye su. Dodon bakin gada ya yi ta kayar da shi.

"Bari ta tahi salla in kwaso mana takobin kirki," Halilu ya raɗa masa.

"Ta dawo ta ce ina anka samo shi? Kai za ka amsa?"

Dole suka koma daji suna fama da ƙananan namun daji, sai da yaron ya tara abin sayen sabon takobi wurin maƙeri. Namadi ya ce mata yaron ƙwadago yake yi. Ta ce to, ya fara hankali.

Suna dab da gidan babban dodo ruwan farko ya sauka. Da safe Inna ta ɗaure kayanta, shuka ba ta jira. "In ya gama a aiko mini," ta ce, ta hau mota.

Namadi ya yini bai taɓa rediyo ko ɗaya ba. Bayan an gama shuka ya rufe rumfa, ya naɗe tele a bargo, ya ɗauki akwatin da batirin mota da wayoyin da ya yi wa dabara, sai motar Dogarawa. Halilu na biye a babur.

Da la'asar, an dawo daga gona, aka jona kaya a gindin dogonyaro. Maƙwabta suka kewaye. Dodon ya faɗi, sarki ya tarbi yaron, rubutu ya yi ta hawa sama, tele ta yi shiru.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Mai wanga labari gaggawa gare shi. Yaro ya sha wuya haka, ko ruwa ba a ba shi ba, ba a kai shi gida uwatai ta gan shi ba?"

Namadi ya kashe tele, ya jawo kujerarsa kusa da tabarmarta, ya ɗauko yaron daga ƙofar sarki da baki, ya kama hanyar gida da shi. Halilu ya ajiye abin dannawa, shi ma ya gyara zama.