Mai Tsintar Takalmi Ƙafa Ɗaya

Ba na iya cin abinci a inda ake jin ƙaurin roba. Shekaranjiya maƙwabciyata ta cinna wa shararta wuta, ashe akwai tsohon silifas a ciki, sai na ture kwanona na tashi. Yarana suna ganin tsirfa ce irin ta manya. Ba tsirfa ba ce. Ƙaurin nan gidanmu na Bracodi yake mayar da ni, cikin Adjamé, wajen Baffana, kuma ba wuri ba ne da nake marmarin komawa.

Gida ne irin na Abidjan, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakar gida, kowa ya san abin da ke cikin tukunyar kowa. Baba ne babba a gidan. Sarin takalma yake yi a kasuwar Adjamé, musamman takalmin robar nan da 'yan gari ke kira leke, wanda yaran mota da 'yan ƙwallo ba sa rabuwa da shi. Mutum ne wanda in ka gaishe shi, ƙafarka yake fara kallo kafin fuskarka. A wajensa mutunci daga takalmi yake farawa.

Baffa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma a shagon yake aiki. Yana da ɗa guda, sa'ana, kwano ɗaya muke ci. Shekarar da aka yi rikicin zaɓe gari ya hargitse, an aiki yaron nan da safe ya sayo garba, abincin rogo da kifi, a bakin titi, bai dawo ba. An zaga asibitoci, an tambayi duk wanda za a tambaya. Abin da Baffa ya dawo da shi kawai leke ne ƙafa ɗaya, na hagu, da ya tsinta a kwata kusa da tashar gbaka, ƙananan motocin haya. Ya gane shi ne saboda shi da kansa ya liƙe igiyar da wuƙa mai zafi. Matarsa ta koma wajen iyayenta. Mutanen gida suka ce a yi haƙuri, daga nan kuma ba wanda ya sake kiran sunan yaron, kamar ba a taɓa raɗa masa suna ba.

Daga nan Baffa ya fara tsintar takalma. Ba masu kyau ba, ba kuma biyu-biyu ba, sai wanda ya rabu da ɗan'uwansa. Damina ce kakarsa. In an tafka ruwan nan na Abidjan, kwatoci suka yi ambaliya, sai ka gan shi ya naɗe wando yana bin gefen titi daga Liberté har tasha, buhu a kafaɗa. Ya zo ya wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, ya shanya, sannan ya kafa su da ƙusa a jikin tsofaffin ƙyamaren ƙofa da yake samowa a inda ake rusau. Duk bakinsu waje ɗaya yake kallo, kamar jama'a sun fito da gudu. A tsakiyar ƙyauren farko, da ɗan fili kewaye da shi, nan ƙaramin leken hagu yake.

Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya haɗa su, tunda ga masu kama da juna. Ya ce, "Kowane ɗaya a nan, akwai gidan da ake jiran mai shi." Iyakar bayanin da ya taɓa yi mini ke nan.

Kada ka zaci an tausaya masa. Yara suka yi masa waƙa, mata suna toshe hanci in ya wuce da buhunsa, 'yan shago suna tambayarsa nawa dozin. Wanda abin ya fi ci shi ne Baba: a ce ƙanen mai sarin takalma ne ke tonon kwata yana neman takalmi. Ya sha faɗa a gaban kowa cewa in haukan nan bai tsaya ba, gida zai tura shi, ƙauyenmu can arewa, wajen wani malami mai ɗaure masu taɓin hankali da mari. Baffa ya san ba wasa yake ba. Mu ma mun sani.

Wata rana ruwa ya koro wani baƙo cikin zaurenmu, malamin zane ne daga Treichville, mai wani babban ɗaki inda ake baje ayyukan hannu mutane su zo kallo. Ya hango ƙyamaren a jingine da bango. Ruwa ya ɗauke, mutumin bai tafi ba. Ya tsaya a gabansu har na gaji da kallonsa, sannan ya cire hularsa. Ya ce ran Asabar zai zo da mota ya kwashe su.

Ranar na ga haƙoran Baffa, abin da na manta rabon da in gani. Ya je ya durƙusa gaban Baba.

"Yaya, mutumin nan ya ce artiste ne ni, mai fasaha. Ya ce exposition za a yi, a baje su a zo kallo, har 'yan jarida. Bayan Asabar ba mai sake ce mini mahaukaci."

Baba ya ce, "Jama'a za su gani? Har a faɗi daga gidan da suka fito?"

"Har da suna, Yaya."

Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

Ran Juma'a da sassafe ya tura Baffa tashar jiragen ruwa, wai ya jira fitowar kaya. Yana fita, Baba ya kira yaran shago, suka zo da guduma da filaya da katan-katan. Ya ce a ɓamɓare ƙazantar nan duka. Inna, mahaifiyata, ta fito daga kicin hannunta da kullu, ita da ba ta taɓa sa baki a maganar 'yan'uwan nan ba.

"Alhaji, akwai na yaron fa a ciki."

"Na sani," in ji Baba. "Ai shi ya jawo duk wannan."

Aka tara su a bayan gida aka zuba kananzir. Hayaƙin baƙi ne, mai maiƙo, ya shiga ɗakuna, ya kama shanya, ya zauna a maƙogwaro. Na tsani Baba a ranar, kuma ban ɓoye wa kaina ba.

Sai dai ka ji inda abin ya fi ciwo: Baba bai ɗauka ɓarna ya yi ba. Ya sa aka buɗe katan-katan, aka fito da sababbin leke fil, aka kafa su a ƙyamaren biyu-biyu, dama da hagu, daga ƙarami zuwa babba, farare a sama, masu launi a ƙasa. Da kansa ya tsaya yana gyara layi. In dai za a kai sunan gidansa Treichville, to da kaya mai kyau za a kai shi. Da aka gama ya ja da baya ya duba, fuskarsa cike da gamsuwa.

Baffa ya dawo dab da magariba. Tun daga zaure hancinsa ya gaya masa. Bai ko kalli sababbin ba, ya wuce bayan gida ya durƙusa yana tonon toka da hannu, alhali ba ta huce ba. Babu abin da ya rage sai dunƙulen baƙar roba, duk sun narke sun zama abu ɗaya. Baba ya biyo shi ya tsaya a kansa.

"Ga sababbi can na zuba maka, ko godiya babu? Ba za a ce ƙanena ya kai shara gaban mutane ba."

Ran Asabar Baba ya sha babbar riga, aka dafa shayi, aka shimfiɗa darduma. Malamin zane ya zo da motarsa. Ya dubi ƙyamaren, ya dubi Baba, ya tambaya ina aikin yake. Baba ya ce ga shi nan, an gyara. Mutumin ya ce cikin Hausarsa ta kasuwa, "Alhaji, wannan magasin ne, shago kawai." Ya je ya dafa kafaɗar Baffa, wanda ke zaune rungume da dunƙulen robar nan, ya fita bai taɓa shayin ba.

Motar na tashi Baffa ya miƙe. Ya shiga fizge sababbin takalman, daga kowane biyu ya cire ɗaya, yana jifa da su ta kan katanga. Yaran unguwa suna wawaso suna ihu, ƙusa ta yanke shi a hannu, bai tsaya ba. Baba ya juya ga maƙwabtan da suka taru, a natse, ya ce, "To, kun dai gani da idonku."

Kafin sati ya zagayo aka kai shi tashar manyan motocin arewa. Inna ta tafi da ni rakiya. Bai yi gardama ba sai a bakin ƙofar mota, nan ya tirje, maza suka ɗaga shi cak suka tura. Can ƙauye ya rasu. Baba kuwa har ya koma ga Allah yana cewa shi dai ya yi wa ɗan'uwansa iyakar ƙoƙari.

Yanzu zamani ya juya. Kwanakin baya 'yata ta ja ni wani baje kolin zane, na tarar wani matashi ya rataye tsofaffin leke daga rufi, masu kwat suna zagayawa suna gyaɗa kai suna ɗaukar hoto. Ta ce, "Maman, c'est fort, ko?" Na ce mata e, yana da kyau. Ban yi wa matashin baƙin ciki ba. Amma ba nasa nake gani ba.

Lokacin da aka tura Baffa cikin motar nan, takalminsa ɗaya ya suɓuce ya faɗi a ƙasa. Na yunƙura, Inna ta riƙe mini hannu gam, don Baba na kallo. Motar ta tashi. Muna tafiya ina waiwaye, masu dako suna tsallake takalmin, wasu suna takawa. Ba wanda ya sunkuya, domin mutum ɗaya ne a duk Adjamé yake ɗaukar takalmi ƙafa ɗaya, shi kuma yana cikin motar.