Kawu Iro Mai Shanyar Batir

Duk wanda ya san Kawu Iro a Makoda ya san shi da shanyar batir. Jama'a na shanya gyaɗa, shi kuwa ya jera baturansa a gefen tabarma yana jujjuya su.

"Kawu, ai sun mutu!"

"Suma suka yi. Rana za ta farfaɗo da su."

Aikinsa sauraro ne. Hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo ta ɗauke shi ya riƙa jin shirye-shirye, in an yi ƙarya ko batsa ya rubuta ya aika Kano. Ita kuwa hukumar, gidajen rediyon ne ke zuba mata kuɗin gudanarwa. Kowa ya gane karatun, ban da Kawu.

Ko matarsa Inna Ladi ba ta tsira ba. Ta ce fura ta kusa, har azahar shiru.

"Labari ba tantancewa! Da tasha ce ke, da na rubuta ki."

A shekarun tsadar nan da muke auna gero da gwangwani, wata tasha ta aiko masa katan ɗin batir, wai goron sallah. Wallahi bawan Allahn nan ya hau bas da kuɗinsa ya mayar!

"Haba Malam, kyauta ce fa," in ji manajansu.

"In na sa batir ɗinku, rediyona ba zai kamo laifinku ba."

Mun sha dariya, ni har na fi kowa. A tashar nake aiki, ina karanta talla. Da damina na tallata wani takin zamani da zaƙin baki, alhali na ji ƙishin-ƙishin rabinsa yashi ne. Dawa ta yi jawur a gonaki har Bici. Kawu ya rubuta, da sunana ɓaro-ɓaro. Manaja ya ce ko in sa ya janye, ko in nemi wani aikin.

Na je na durƙusa na gaishe shi, sannan na faɗi abin da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai.

"Kawu, albashinka fa daga aljihunmu yake fita."

"Na sani, ɗana. Don in ji kuke biya, ba don in kurmance ba."

Bai janye ba. Takardar ta yi ɓatan dabo a ofishin hukumar, aka sallame shi, ni na ci gaba da talla abina.

Sai da ya rasu, ranar sadakar uku, Inna Ladi ta gaya min. Ashe akuyoyinsa ya sayar ya sayi takin nan. Ta ce masa a bi a hankali, ya ce, "Ɗan ƙanwata ne ya faɗa. Ba zai yi mana ƙarya ba." Shekarar nan ko dami biyar bai ɗaure ba, kuma bai taɓa yi min zancen ba.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya haskaka kabarinsa. Ni kuma ya yafe min, tunda na makara wajen roƙonsa gafara.